Na Je Gogaram a Kan Kekena

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Sunana Malam Bukar, tsohon ɗan kasuwar kifi a Nguru. Don Allah ka karanta wannan da ƙarfi, ina son 'ya'yana su ji.

Da na ce zan hau keke in bi kogi zuwa Gashua, in wuce Gogaram, tsohon garin Bade inda aka haifi marigayiya mahaifiyata, sai babban ɗana ya ce, "Baba, da furfurarka? So kake a ce mun kasa saya maka mashin?" Har sace mini iskar tayoyi ya yi. Na ce, "Ƙafafuna ne ko naka?" Na buga iska na kama hanya.

Ba zan ɓoye ba, na sha wuya. Yashi ya kayar da ni, gwiwata ta kumbura, masunta suka tsallakar da ni da keken a kwalekwale. Amma na isa. Na ga ragowar ganuwa, na tambayi gidan su Inna. Wata tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce, "Kai ɗan Gambo ne? Tare muke ɗiban ruwa muna 'yan mata." Ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ba ni labarin ƙuruciyar uwata har la'asar.

To yara, ku ji, ban tuba ba. Bayan damina Birnin Ngazargamu zan nufa. Wanda ya san hanyar gaba da Gaidam ya ba ni shawara. Mai cewa in zauna a gida kuwa, ya riƙe tasa.

Ina gaida masuntan nan, Allah Ya ƙara albarkar koma.