Naman Kazar da Babu Wanda Ya Yanka

Malam mai gabatarwa, barka da aiki, daga nan Greensboro, Amurka.

Maƙwabcina Idi yana aiki a gonar dawakai a Summerfield. Ranar Asabar ya kira ni: "Alhaji, na ci naman kaza, bangon ɗakina yana numfashi."

Na ce, "Wa ya yanka ta?"

Ashe laimar kwaɗi yake nufi, busasshiya mai sa maye, abokin aikinsa ya zaro daga cikin safa ya ba shi wai maganin kewar gida. Wuni ya yi yana gaisawa da firiji. Duk karatuna ban taɓa jin maganin kirki da ake ɓoyewa cikin safa ba.

Yanzu wai zai ƙara, kuma shi ke tuƙa mu masallaci ranar Juma'a. Masu sauraro, in ƙwace makullin motar, ko in gaya wa Hajiyarsa?