Ƙyauren da Ba Shi da Mariƙi

Auta: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Yaya: Wa ke magana? Lambar yayarka uwa ɗaya uba ɗaya ma ba ka ajiye ba?

Auta: Au, Yaya! Yi haƙuri, hannuna duk baƙin mai ne, ban duba ba na danna. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya shago?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya jiki? Ya idon?

Yaya: Da sauƙi, an cire bandejin. Ya iyali? Ya mai ɗakin naka da ciwon bayanta?

Auta: Tana nan tana fama. Ta ce a gaishe ki.

Yaya: Ƙarya kake, ba ta san zan kira ba. Ina amsawa dai. Yaran fa?

Auta: Duk lafiya. Ya Dogo? Ya mai jego da ɗan jikan namu?

Yaya: Suna nan. Kai, ni ba gaisuwa ce ta sa na kira ka ba. Aiki ne ya samu, irin naku na masu leƙen ramin makulli.

Auta: Ikon Allah! Yau sana'ar da kike cewa ta marasa aikin yi ce ta yi rana?

Yaya: Har gobe haka take. Amma dai ka fi sakarkarun otal ɗin nan, ko da kaɗan ne.

Auta: Wane otal kuma? Na ɗauka kina asibiti.

Yaya: Sun sallame ni, sun ce in zauna kusa a riƙa duba idon. Shi ne Dogo ya kama mana ɗakuna biyu a jere, ni ɗaya, shi da gimbiyar tasa da jaririn ɗaya. Akwai ƙofa a tsakiya, in ka buɗe sai ka faɗa ɗakinsu, ba sai ka fita baranda ka zagaya ba.

Auta: Na san irinsu. Ɗan naki ya kyauta.

Yaya: Shi ya kyauta. Otal ɗin ne na banza. Ƙofar shiga wai da kati ake buɗewa, 'yar fitila ta yi maka kore kamar kana jiran hannu a titi. Tawul sun naɗe shi kamar agwagwa sun ɗora a kan gado. Duk wannan iyayin, ƙofar tsakiya guda ɗaya ta gagare su. Ta lalace tun...

Auta: Alo? Yaya, muryarki na tafiya. Me ya lalace? Agwagwar?

Yaya: Ƙofar! Ƙofar tsakiya! Kai kunnen naka ma ya yi tsatsa. Ranar da muka zo a buɗe take, ina shiga ina fita. Washegari na tashi, na tura, ƙam.

Auta: Ba su turo mai gyara ba?

Yaya: Sun turo wani. Riga a goge, suna a ƙirji, ga jakar kayan aiki kamar zai yi wa mota tiyata. Ya tsaya ya kalli ƙofa, ƙofa ta kalle shi. Ya zagaya ɗakin su Dogo, ya ɗan jima, ya dawo yana kallon takalminsa, wai sifirin ɗin da ke tura sakatar ne ya karye a ciki, sai an yi odarsa daga ƙasar waje.

Auta: Daga ina? Don sakata? Wane jaki ne ya koya masa aiki? Ko sukurdireba ya ciro?

Yaya: Ko zip ɗin jakar bai taɓa ba. Ai na wanke shi tas. Na ce masa ƙanena da ya gudu daga makaranta ma ya fi shi.

Auta: Na gode da yabo.

Yaya: Manajan ma ya zo, wani mai ƙamshi kamar an yi ɓarin turare, yana ta "a yi haƙuri, Mama." Na ce ba ni na haife ka ba, da ni na haife ka da ka iya buɗe ƙofa. Yanzu dai ka faɗa mini abin da zan zura in murɗa. Akwai cokali a nan, akwai fil ɗin ɗankwali.

Auta: Ki ajiye cokalin mutane. Tashi ki je gaban ƙofar, ki faɗa mini abin da kike gani. Da idon da aka gyara za ki duba, ba tsohon ba.

Yaya: Mara kunya. To ga ni. Na ja ta, ta buɗe.

Auta: Ta buɗe? Ba kin ce ta lalace ba?

Yaya: Ta ɓangarena tana buɗewa. Ai ƙyaure biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya. Na biyun ne ya ƙi.

Auta: Yawwa. Shi na biyun, yana da mariƙi?

Yaya: Babu.

Auta: Ramin makulli fa?

Yaya: Babu komai. Sumul yake kamar sanƙonka.

Auta: To dawo kan naki ƙyauren. Fuskar da ke kallon ɗakinsu, me ke jikinta?

Yaya: Ita ma sumul.

Auta: Fuskar da ke cikin ɗakinki fa?

Yaya: Mariƙi, da wani ɗan ƙarfe a samansa kamar kunnen ɓera.

Auta: Murɗa shi.

Yaya: Na murɗa. Wani harshen ƙarfe ya fito ta gefe.

Auta: Mayar da shi.

Yaya: Ya koma. To sai me? Wasan yara na kira ka mu yi?

Auta: Aikin ke nan gaba ɗaya, Yaya. Haka ake yin ƙofar tsakiya a otal, don yau dangi ne a ɗakunan, gobe baƙin da ba su san juna ba. Kowa da ƙyaurensa, kowa da sakatarsa ta cikin ɗakinsa. Ba batir, ba kati, ƙarfe ne zalla. Abin nan ba ya rufe kansa, sai hannu ya murɗa shi.

Yaya: Me kake nufi?

Auta: Ina nufin in kina son ki san abin da ya lalace, ki tambayi wanda ke ɗaya ɓangaren.

Yaya: Gimbiya! Wallahi na sani! Tun ranar da na ga yarinyar nan tana auna ruwan wankan jariri da wani ɗan tsinke mai lamba, kamar ba ta da gwiwar hannu, na san za a yi haka. Ni za ta rufe wa ƙofa? Yarinyar da ko goyo ba ta iya ba, sai ta rataye yaro a ƙirji cikin wata jaka kamar 'yar talla?

Auta: Tsaya tukuna. Ranar da ƙofar take buɗe, me kika yi?

Yaya: Me na yi? Abin da kowace uwa za ta yi. Da azahar na ji yaron yana ɗan motsi, na shiga, suna ta barci kamar an yi musu allura. Na ɗauke shi, na yaye labule rana ta shigo, na kashe musu na'urar sanyin nan da za ta kashe mini jika.

Auta: Kin ƙwanƙwasa?

Yaya: In ƙwanƙwasa wa wa? Wa Dogo? Wanda na wanke wa kashi?

Auta: Shi ke nan abin da kika yi?

Yaya: Sai man shafawar yaron da na nema a akwatinta. Ka ga cikin akwatin nan kuwa? Kamar an yi dambe. Na zazzage na ninke mata komai, har ƙananan kayan. Ko na gode ba ta ce ba.

Auta: Har ƙananan kayan. Yaya, wallahi ni ne da kwaɗo zan ƙara a kai.

Yaya: Kai dama ai matarka ce ke riƙe da makullinka. Bari Dogo ya ji wannan. Yaron nan ransa ya fi na kowa ɓaci. Shi ya kira manaja da kansa, shi ya sa aka turo mai gyara, har yana ce mini, "Mama, ki yi haƙuri, kin san otal ɗin zamani." Manajan ya ce a sauya mana ɗakuna, ya ce a'a, kada a wahalar da ni da ido ɗaya. Ashe munafukar tana zaune tana dariya a ciki.

Auta: Shi ya ce kada a sauya?

Yaya: Don tausayina.

Auta: Kuma mai gyaran, sai da ya shiga wurinsa sannan ya dawo da zancen sifirin?

Yaya: Na faɗa maka ai.

Auta: Hmm.

Yaya: Mene ne hmm?

Auta: Ba komai. Alo? Alo, Yaya? Layin nan ya fara...

Yaya: Layin lafiyarsa lau, ina jin rediyon maƙwabcinka ma. Tun kana rarrafe nake gane ƙaryarka. Faɗi.

Auta: Ba wani abu ba ne. Jiya ne Dogo ya turo mini hoto a waya. Hoton sakata, irin mai kunnen ɓeran nan. Ya ce, "Kawu, ana samun irin wannan?" Na ce shagona cike yake da su. Ni ban san a otal ya ɗauka ba.

Yaya: Me zai yi da ita?

Auta: Yaya, ki bari ya faɗa miki da...

Yaya: Na ce me zai yi da ita?

Auta: Sabon gidan da yake ginawa. Ƙofar da ke tsakanin falonki da nasu. Ya ce in saka ta ta ɓangarensu kafin ku tare, kuma fuskar da ke kallon sashenki in bar ta ba mariƙi.

Yaya: Sumul.

Auta: Sumul. Alo? Kina ji na?

Yaya: Ina ji. Ƙofar nan ni na ce a fasa bango a yi ta. Ya riƙe hannuna a gaban magina ya ce, "Mama, wannan ba za ta taɓa rufuwa ba." Kana wurin, kana cin gyaɗa.

Auta: Ina wurin.

Yaya: A ɗaki ɗaya na raine shi bayan rasuwar ubansa. Labule ne kawai tsakanin katifata da tabarmarsa, shi ma sai ya ɗage shi don tsoron duhu. Yau shi ne mai ɗaukar hoton sakata.

Auta: Yaron nan ya girma, yana da mata. Ba cewa ya yi ba ya son ki ba. So yake a riƙa ƙwanƙwasawa, shi ke nan.

Yaya: To bakinsa ciwo yake? Ya ce, "Mama, ki riƙa ƙwanƙwasawa."

Auta: Ya faɗa wa wa? Ke? Ni da furfurata ban taɓa gama jimla a gabanki ba.

Yaya: Matsorata, daga kai har shi. Ni ba rufewar ce ta fi yi mini zafi ba, Auta, ko da yake ta yi. Ya je ya ɗauko ɗan mutane da jakarsa ya sa shi ya yi mini ƙarya. Na tsaya ina zagin bawan Allah, ina zagin manaja, duk ma'aikatan sun san uwar mutumin ce aka rufe wa ƙofa, ni kaɗai ce ban sani ba. Shi ya sa mai sharar take kallona tana sunkuyar da kai.

Auta: Ki yi haƙuri. Don Allah kada ki ce ni na faɗa.

Yaya: Ka ji shi, tun ba a je ko'ina ba ya fara neman wurin ɓuya. Guda nawa ya ce ka saka?

Auta: Ɗaya.

Yaya: Biyu za ka saka. Ka yi ƙyaure biyu kamar na nan, nawa da kunnen ɓerana ta ɓangarena. Kuma nawa ka nemo mai nauyi, ba irin gwangwanin da kake sayar wa mutane ba.

Auta: Haba Yaya, gida ne fa, ba otal ba.

Yaya: Ai shi ya mayar da shi otal. Saurara. Ka ji ƙarar nan?

Auta: Na ji. Me kika yi?

Yaya: Na rufe nawa na murɗa. Lafiyarsa lau, ba ya jiran komai daga ƙasar waje. Tsaya... yi shiru.

Auta: Mene ne?

Yaya: Ikon Allah! Ana murɗa ta can ɓangaren. Ka ga jirgi ya sauka da sifirin. Ga Dogon yana ƙwanƙwasawa. Na'am? Wa ye? ... Wai an gyara. Wai in buɗe in riƙe musu yaron, za su fita sayayya shi da gimbiya. Ka ji lokacin da ƙofa take warkewa.

Auta: To buɗe masa mana. Ina jin kukan yaron har nan.

Yaya: Dogo! Tawa ce ta lalace yanzu! Sifirin ne! Sai an yi oda!

Auta: Yaya, don girman Allah, jaririn bai yi miki komai ba.

Yaya: Ban ce ba zan karɓe shi ba. Uban ya ɗauko shi ya zagayo ta baranda, ya tsaya a ƙofar kati kamar kowane baƙo, ya ƙwanƙwasa, ya jira a ce masa shigo. Ba haka yake so ba?

Auta: Muryarki ta sauya. Kuka kike yi?

Yaya: Maganin ido ne. Koma wa tsatsarka.

Auta: Yaya, tsaya ki ji... Alo? Alo?