An Sauke 'Yata a Tashar Jirgi

Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Saratu Bitrus, mai sayar da citta a kasuwar Kafanchan. Da ɓacin rai nake rubuto maka, ka karanta kowa ya ji.

'Yata Rifkatu tana aji biyu a sakandare. A da, sai da bulala take zuwa makaranta. Da aka ce wadda ta ci tseren gudu za a kai ta gasa Kaduna, sai yarinya ta canza. Ta daina fashi, har karatun ma ta kama. Ta tsere wa dukan 'yan matan makarantar, ƙafarta ba takalmi.

Ranar tafiya na raka ta tashar jirgi. Har ta zauna, sai ticha ya ce ta sauko, wai an ba 'yar ƙanen firinsifal wurinta.

Na ce, "Ticha, waccan yarinyar ta taɓa gudu?"

Ya ce, "Mama, daga sama aka ce."

Wace sama? Allah ne ya aiko? Rifkatu ta tsaya da ƙullin gyaɗarta a hannu har jirgi ya ɓace. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Yanzu ta ƙi komawa makaranta. Ta ce, "Mama, in na sake ƙoƙari, wa zai ci?" Fasto ya ce mu yi haƙuri. Mun ji, amma haƙuri ba amsa ba ne. Masu sauraro, ku faɗa mini abin da zan gaya wa 'yata, don ni bakina ya mutu.