Lomar da Ake Cirewa Gefe

A rumfar mai waina da ke bakin titi a Nassarawa GRA, Malam Zubairu, tsohon direba, ya ga matar da ke kusa da shi ta gutsuri waina ta ajiye gefe kafin ta kai loma baki. Ya juyo gare ta.

"Malama, wannan ta wa ce?"

"Kai, Baba, ido gare ka! Al'adar gidanmu ce, can kudancin Kaduna. Zamanin harin bayi aka kama ƙanwar kakan babana a bakin rafi, ba a ƙara ganinta ba. Uwarta ta rantse ba a cin abinci a gidan sai an cire mata rabonta. Har yau muna cirewa."

"Ba iskoki ake ba wa ba?"

"Iskoki kuma? Ni Dinatu, shugabar zumuntar mata a cocinmu?"

Zubairu ya tuɓe hula ya share gumi.

"Haka kakata Indo take yi har ta rasu. Sayo ta aka yi tana yarinya, amma ba a faɗa a gidanmu. Aka ce iskoki take ciyarwa. Mahaifina ya hana a ambaci sunanta. Kullum na yi mata addu'a, da tsoro nake yi."

"Haba Baba, uwarta take cire wa. Wa ya fi ta kewar gida?"

Zubairu ya yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Matar ɗana ta haifi mace, an ce in zaɓi suna, ina ta noƙewa. To, Indo za a raɗa mata. Wanda ya tambayi dalili, ya zauna in gaya masa."