Tashar Humaira a Japan

A tashar motar Argungu da ke Birnin Kebbi, Malam Maigandi ya nuna wa matar da ke gefensa hoto a waya.

"Malama, dubi tashar jirgin ƙasa ta unguwar da ɗiyata Humaira ke karatu a Japan. Jirginsu bai latti ko na minti guda."

"Ko bai cika ba sai ya tashi?"

"Ko da mutum guda ne."

"To Baba, yaushe suke hira?"

"Ina fa! Ta ce kowa shiru, ba mai tambayarka mutanen gida. Shi ya sa kullum ta iso tashar ni take kira."

"Ashe kai ka ci ribar shirun nasu."

Maigandi ya yi murmushi. "Wallahi ko tana gida ban samu haka ba."