Mai Sharar Gidan Fatoma

A tashar Gumel, Malam Hudu, fatoman da ke saukar da fatake a Maigatari, yana jiran mota cikin rawani da babbar riga, zancen auren ɗansa na cin ransa. Sai wani dattijo da ke gefensa ya soma hira.

"Malam, daga Maigatari nake. Na je binciken gidan wani fatoma, Hudu. Ɗansa ke neman 'yata."

Hudu ya juyo ya ce, "To, yaya ka sami gidan?"

"Tsaf! Amma na tarar da wani tsohon bara ba riga, ya ba ni baya yana share ɗakin baƙi. Na ce, 'Baba, nawa maigida ke biyanka?' Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, 'Ko anini.' Mai cin gumin tsoho zan ba 'yata?"

Hudu ya gyara rawani. "In kuma maigidan ne da kansa fa? Ka san ɗan ƙwadago ba ya share lungu."

"Da kansa? Ai gara na farkon! In rowa ta hana shi ɗaukar mai shara, ranar da 'yata ta tare, ita za a miƙa wa tsintsiyar."

Hudu ya ƙara jawo rawani kan fuskarsa. "Haka ne, Malam. Lalle bara ne."