Yadda Na Goya Alheri a Ƙasar Sin

Salama a gare ku, iyayena mata da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ba ya yashe nasa. Sunana Rifkatu, matar Ishaya. Manyan cikinku sun san ni tun ina ƙungiyar mawaƙa a wannan ikilisiya, kafin aiki ya kai mu Amurka. Shugabar zumuntar mata ta ce in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, amma ban yi alkawari ba.

Kun san shekarun da muka yi ba haihuwa. Wasunku kun yi azumi tare da ni, wasunku kun aiko mini da saiwa har can, na sha abin da zan iya sha. Da likitoci suka gama faɗin nasu, muka yi addu'a, muka yanke shawarar ɗaukar riƙo. Ƙofar da Ubangiji ya buɗe mana ta ƙasar Sin ce. Aka turo mana hoton wata yarinya da ba ta kai shekara biyu ba, an haife ta da tsagaggen leɓe, an yi mata aiki a gidan marayu. Tun a hoton muka raɗa mata suna Alheri.

Ni a tunanina, za mu sauka daga jirgi, a miƙo mini ɗiyata, in rungume ta, mu juyo. Ashe ba haka tsarin yake ba.

Da muka isa, aka haɗa mu da wasu iyalai masu ɗaukar riƙo, duk Turawa, mu kaɗai ne baƙar fata. Aka ba mu 'yar jagora, wata budurwa mai fara'a da ke yawo da ƙaramar tuta a hannu. Ta ce kafin mu ga yaranmu sai mun ga ƙasar da ta haife su. Ni da na yi shekaru ina jira, sai ga ni a Beijing ana zagayawa da ni tsohuwar fadar sarakuna, daga wannan soro zuwa wancan, duk jajaye, duk iri ɗaya a idona. Washegari aka kai mu Babbar Ganuwa. Matakala ce ba iyaka, wata doguwa wata gajera, gwiwoyina na kuka. Maigida kuwa kamar don shi aka gina ta. Ya sayi hula mai jan tauraro, duk inda ya ga dutse sai ya ce in tsaya ya ɗauke ni hoto. Na ce masa, "Maigida, ni fa ba ganuwa na zo gani ba. Akwai ganuwa a Zariya." Ya yi dariya ya ce in gyara ɗankwalina.

Ga kallo. Ni na zo kallon ƙasa, ƙasa ta koma kallona. Wani ya ɗaga waya a fuskata ba sallama, wata ta shafa hannuna ta duba yatsunta. Ga abinci kuma. Tsinke biyu za a ba ka ka ci shinkafa da su. Na roƙi cokali har ma'aikatan otal suka san ni, da sun hango ni sai su ɗauko. Da ba don yajin da na ƙunsa a jakata ba, da ban san yadda zan yi ba.

Daga nan muka tafi lardin da yarinyar take. A wani ofishi aka shigo da ita, an jibga mata riguna kamar ƙullin kaya. Na durƙusa, na miƙa hannu, hawaye na zuba. Ta dube ni sau ɗaya ta ƙwalla ihu.

'Yan'uwa, wannan ihun bai tsaya ba.

In Ishaya ya ɗauke ta, sai ta yi shiru ta kafe ido a bango. In na matso, ta sandare, ta juya kai, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Ba ta taɓa ganin fuska irin tawa ba. Ban san me ya sa ta haƙura da tasa ba, shi da ya fi ni baƙi. Na haɗa madara ta ture. Na sayo kunun shinkafa irin wanda aka ce tana sha, ta datse baki. Ruwa kaɗai take karɓa, shi ma sai daga hannunsa. Ni aikina ya zama wanki a bahon otal da shanya ƙananan riguna a jikin kujeru.

Duk da haka yawon bai fasa ba. Muka wuce birnin Guangzhou, inda likita zai duba yaran kafin a ba su izinin tafiya, jagorarmu ta sake ɗaga tuta. Yau gidan namun daji, gobe kasuwar lu'ulu'u, jibi jirgin ruwa a kogi. Sauran iyayen na tura yaransu a keke, yaran na cin biskit suna dariya. Tawa tana kafaɗar mijina, idanu sun faɗa, ni ina biye da jakar kaya kamar 'yar aiki. A gidan namun dajin wasu tsofaffin mata suka kewaye mu, suna jan ƙafar wandon yarinyar, suna yi mini faɗa da yarensu. Jagora ta fassara: wai ban sa mata kaya masu kauri ba, sanyi zai kama ta. Ana zafin da ni kaina zufa nake yi! Wata kuma ta tambaya ko ni ce mai rainon, ina uwar take. Na ce wa jagorar kada ta ƙara fassara mini komai.

Ana gobe za a kai su wurin likita, jikin Alheri ya yi zafi. Jagorar ta ce in zazzaɓin bai sauka ba, kuma aka ga ba ta ci, ana iya ɗage mana tafiya. Ta faɗi haka, ta kuma ƙara da cewa da la'asar akwai ziyarar wani lambu mai kyau ƙwarai, kada mu makara.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce ba inda za ni. Ishaya ya ce to shi zai je kantin magani da ɗan kwatancen da aka yi masa, in zauna da ita. Yana rufe ƙofa ta fara. Na zauna a ƙasa, ita a kan gado, tana kuka ina kuka.

Ba zan ce muku addu'a mai daɗin ji na yi ba. Ƙorafi na kai. Na ce, "Ya Uba, ka hana ni ta cikina, na ce to. Ka nuna mini wannan, na ƙetare duniya na zo. Yanzu ita ma ba ta so na? In ba ni ce uwarta ba, ka faɗa mini. In kuwa ni ce, ka nuna mini yadda zan yi, don dabarata ta ƙare." Ban ji wata murya ba. Abin da na ji kawai shi ne ɗakin ya ishe ni, in fita.

Na saɓe ta tana fizge-fizge, na sauka, na bi titi ba tare da na san inda za ni ba. Na gaji na zauna a bakin wani shagon dardumai. Ina nan zaune sai na ji wata murya a bayana tana faɗa a waya, rabi Larabci, rabi wani abu da ya sa gabana ya faɗi: "La, la, wallahi ban yarda ba, ka ce mishi khalas, gobe in ga kayana!"

Hausa, a tsakiyar ƙasar Sin!

Na juya na ga wata dattijuwa cikin baƙar abaya, da zobban zinariya a yatsu. Na ce, "Sannu, Hajiya." Ta sauke wayar, ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta sake dubana. Ta ce sunanta Hajiya Asabe, a Makka aka haife ta, a unguwar Jarwal, kakanninta daga Sakkwato suka je aikin hajji suka zauna. Tana zuwa nan sarin dardumai da carbi don shagonta. Nijeriya kuwa ba ta taɓa taka ta ba. Na faɗa mata ni Kirista ce, na ba ta labarina a tsaitsaye, yarinya na ta ihu a tsakaninmu. Ba ta tsaya doguwar tambaya ba. Ta ce, "Miskina. Ke ɗiyata, kin goya ta kuwa?"

Na ce a'a. Keken tura yaro muka saya, da wata jakar rataya yaro a ƙirji, mai igiyoyi kamar linzami. Wallahi ni da na goyi ƙannena har bayana ya saba, tunanin bai zo mini ba ko sau ɗaya. Ina ta ƙoƙarin ta kalli fuskata ta so ni.

Hajiya ta shiga shagon, ta fito da wani yadi mai kauri, ta ce in sunkuya. Ta ɗaga Alheri ta ɗora mini a baya, ta ja yadin, na ɗaure a ƙirji, hannuwana suka tuna da kansu. Ta ce, "Yalla, yi tafiya. Kar ki yi mata magana."

Na yi gaba, na dawo, na sake yin gaba. Kukan ya koma shessheƙa. Can sai na ji ɗan kanta mai zafi ya sauka a tsakanin kafaɗuna, yatsunta suka kama wuyan rigata. Na ci gaba da tafiya ina jijjiga ta, ina rera waƙar sujada a hankali, hawaye na shiga bakina. Mutane na ɗaukar mu hoto, ranar ban damu ba.

Hajiya ta ja mu zuwa wani gidan abinci na Musulmi a bayan layin, ta sa aka kawo kunun shinkafa. Ba mu sauke ta ba. Ina tsaye, na ɗebo a cokali na miƙa ta saman kafaɗata, ban waiwaya ba. Na ji cokalin ya yi motsi. Na dawo da shi ba komai a ciki. Halleluya!

Da na koma otal na tarar da Ishaya a ƙofa, hankalinsa a tashe, da ledar magani a hannu. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya hango ƙafafu biyu a kwankwasona, sai ya cire hularsa ya tsaya kawai. Muka ba ta maganin. Kafin a kai su wurin likita zazzaɓin ya sauka, aka duba ta aka sallame mu. Daga baya jagorar ta bincika mana, aka ce matar da ta raine ta a gidan marayun goya ta take yi a bayanta tana aiki.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya zama zuma. Ta daɗe kafin ta yarda ta kalle ni ido da ido, kuma sauran yawon duk sai da aka kai mu, har da lambun da na ƙi zuwa. Amma a bayana ta gan shi.

Ban sake haɗuwa da Hajiya Asabe ba. Da za mu rabu ta ce za ta sa mu a addu'a in ta koma gida, na ce ni ma zan sa ta a tawa, kuma ban fasa ba. Ni dai na san wanda na kai wa kukana a ɗakin nan, na kuma san wanda ya amsa. Yadda ya ga dama ya aiko da amsar, wannan ikonsa ne.

Alheri tana can ajin yara yanzu haka, ita ce mai jan ɗankwali, za ku ji ta tana gardama da Hausa. Na gode wa Yesu da ya ba ni ita, ya kuma ba ta ni. 'Yar'uwa, in kina nan kin gaji, addu'arki ta koma ƙorafi, kada ki ji kunyar kai masa ita a haka. Tawa ma a haka ya karɓa. Ku dogara gare shi. Ubangiji ya albarkace ku. Amin.